Canza furosesa a tsohuwar kwamfutar tebur: inda aikin ya kai

'Yan uwa masu koyon gyaran kwamfuta, ga bayanin inda aka kai a aikin da ke gabanmu. Kwamfutar ta zamanin 2011 ce: madabod (babban allon da sauran kayan ke jone a kai) mai cifset H61 (sashen da ke haɗa furosesa da sauran kayan), furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i3-2100, ram 4GB, da tsohon haddis mai juyawa. Ana so a ƙara mata ƙarfi ba tare da an sauya madabod ba.

Kafin a kwance sukuru ko ɗaya, sai da aka tabbatar cewa furosesar ce ke jan ƙafa. A buɗe Task Manager, a shiga shafin Performance, a yi aikin da aka saba yi ana kallon layukan. Idan layin Disk ne ya kafe a 100% alhali furosesa ba ta kai rabi ba, to laifin na haddis ne, kuma SSD, ma'ajiya marar juyawa da ta fi haddis sauri, ce maganinsa. Idan ram ne ya cika, a mayar da shi 8GB da sanda biyu iri ɗaya na DDR3, domin su yi aiki ta hanya biyu lokaci guda. Waɗannan biyun aka fara yi. Da aka ga har yanzu furosesa na cika makil wajen haɗa bidiyo da buɗe shafukan intanet da yawa, sannan aka koma kanta.

Madabod ne ke da ta cewa a wannan zaɓi, ba son ranka ba. Manhajar CPU-Z kyauta ce, kuma shafinta na Mainboard zai nuna maka sunan madabod, cifset da lambar BIOS (manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta), shafin CPU kuma ya nuna soket (mazaunin furosesa a jikin madabod). A rubuta su huɗun a takarda. Namu soket ɗin LGA1155 ne, wanda ke ɗaukar tsara biyu na furosesar Intel: tsara ta biyu, Sandy Bridge ta 2011, da ta uku, Ivy Bridge ta 2012. Furosesar LGA1156 ko LGA1150 ba za ta yi ba, duk da lambobin sun yi kama. Tsagun da ke gefenta ma ba wuri ɗaya suke ba, kuma wanda ya danna da ƙarfi fil zai lanƙwasa.

A nan ne ya kamata a natsu: shigar furosesa cikin soket ba ta nufin za ta tashi. Cifset H61 yana karɓar tsara ta uku, amma sai an sabunta BIOS. Q65, Q67 da B65 kuwa ba sa karɓa ko kaɗan, ko da soket ɗin ɗaya ne. Shi ya sa Dell OptiPlex 790 da 990 iyakarsu tsara ta biyu, wato i7-2600 ce ƙololuwa, alhali OptiPlex 7010 mai Q77 tana ɗaukar i7-3770. Haka abin yake a LGA1151: tsara ta shida da ta bakwai na aiki da cifset na jerin 100 da 200, ta takwas da ta tara kuma sai jerin 300, ba sa haɗuwa. Hujja guda ɗaya ce abin dogaro, ita ce jerin furosesoshin da kamfanin madabod ya wallafa a shafinsa, inda kowace furosesa ke da lambar BIOS mafi ƙanƙanta da take buƙata a gefenta. A kula kuma da lambar bugun madabod, wadda ake rubutawa a jikinsa kamar Rev 1.0 ko Rev 2.0, domin suna ɗaya na iya samun bugu biyu masu BIOS daban.

Da jerin ya zo hannu, zaɓi ya rage tsakanin uku. i5-2400 tana da ƙwaya huɗu (sassan da kowanne ke aikinsa a cikin furosesa), gudun 3.1GHz, amma zafinta wat 95 ne. i5-3470 ita ma ƙwaya huɗu, 3.2GHz da ke hawa har 3.6GHz, a wat 77 kacal. i7-3770 kuma ƙwaya huɗu ce mai layin aiki takwas, 3.4GHz zuwa 3.9GHz, ita ma wat 77. Babban tsallen yana tsakanin ƙwaya biyun i3-2100 da ƙwaya huɗu na gaske, a nan za ka ji bambanci ƙarara. Daga i5 zuwa i7 ribar tana fitowa ne a aikin da ke iya rarrabuwa, irin haɗa bidiyo ko matse manyan fayiloli. An tsaya a kan i5-3470, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin masu irin wannan madabod. Wanda aikinsa bidiyo ne kullum, ya nemi i7.

Harafin da ke ƙarshen lambar furosesa ba ado ba ne. K na nufin ana iya ƙara mata gudu, amma sai a kan cifset irin Z77, Z68 ko P67, don haka a kan H61 asarar kuɗi ce. S na nufin wat 65, ita ta dace da ƙaramin akwati mai matsattsiyar iska. T ta fi ƙarancin wuta, sai dai a lura, i5-3470T ƙwaya biyu ce kawai, ba huɗu ba, kuma mai sayan da bai duba ba zai koma gidan jiya. i5-3350P ba ta da sashen hoto a cikinta, haka ma Xeon E3-1230 v2 da ake yabawa saboda ta yi kusa da i7. Wanda ya saka ɗayansu ba tare da katin hoto ba, fanka za ta juya, allo ya zauna baƙi ƙirin, ya ɗauka furosesar ta mutu.

BIOS ake fara sabuntawa, tun tsohuwar furosesa na ciki, domin idan sabuwar ta ƙi tashi ba ka da hanyar shiga. A sa fayil ɗin a filashi mai tsarin FAT32, a yi amfani da manhajar sabuntawa da ke cikin BIOS ɗin, kuma a jona kwamfutar da UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe madabod. Mai amfani da BitLocker, makullin bayanan haddis na Windows, ya ajiye lambar buɗewarsa kafin ya fara.

Shi kansa sakawar ba ya da tsawo. A cire wayar wuta, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar caji ya fita, a taɓa ƙarfen akwati. A kwance fanka, a ɗaga sandar soket, a ɗauko furosesa ta gefe da gefe a miƙe. Fil ɗin LGA a jikin madabod suke, sirara ne ƙwarai, kada yatsa ko tsumma ya kusance su. A daidaita alamar kusurwa uku da tsagu biyun, a ajiye sabuwar ta zauna da kanta. A goge tsohon man zafi, wanda ake sawa tsakanin furosesa da fanka, da sinadarin isopropyl mai ƙarfin 90% ko fiye, a ɗiga sabo mai faɗin milimita 4 zuwa 5 a tsakiya. Ƙafafu huɗun fankar Intel ana danna su ne biyu-biyu masu kallon juna ta kusurwa, har a ji ƙaras. Ƙafa ɗaya da ba ta kama ba ta isa ta sa zafi ya yi tashin gwauron zabi. Kada a manta da wayar fanka a ramin CPU_FAN. (Masu soket AM4 na kamfanin AMD: fil a jikin furosesa suke, kuma busasshen mai na iya fizgo ta tare da fanka. A bar kwamfutar ta yi ɗumi tukuna, a murɗa fankar a hankali kafin a ɗaga.)

Fankar i3 da ta zo daga kamfani an yi ta ne don wat 65, cikinta alminiyam zalla. Ta i5 da i7 na wannan zamani tana da jan ƙarfe a tsakiya, ita aka nemo. Idan an kunna allo bai kawo ba, a cire batirin CR2032 na minti biyar don BIOS ya koma asalinsa, a sake zaunar da ram, sannan a duba fil da haske.

Abin da ya rage yanzu gwaji ne: a buɗe manhajar HWMonitor mai nuna zafi, a sa Prime95, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ta yi aiki na minti talatin. Idan zafi ya tsaya ƙasa da digiri 85 ba tare da kwamfutar ta daskare ko ta sake tashi ba, aiki ya yi. Idan ya haura 90 cikin sauri, a koma kan zaman fanka da mai. A kuma sani cewa babu furosesar LGA1155 da ke cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, domin a ɓangaren Intel jerin ya fi karkata ne daga tsara ta takwas zuwa sama, kuma tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Don haka mataki na gaba a wannan aikin shi ne gwada Linux Mint, wadda ake sawa a madadin Windows, a kan SSD ɗin, a ga yadda take tafiya da sabuwar furosesar.