Wakilin Suna a Latin: Yaushe Yake Bayyana?

Abin da ya fi burge ni a nahawun Latin, harshen Romawan dā, shi ne yadda ƙarshen aikatau yake nuna mai aikin, ta yadda "amo" kaɗai ke nufin ina so, "amas" kana so, "amamus" kuma muna so. Saboda haka Romawa ba sa furta "ego" (ni) ko "tu" (kai) sai in akwai dalili.

Dalilin kuwa galibi jaddadawa ne ko bambantawa. Idan mutum ya ce "ego laboro, tu dormis", yana nufin ni ina aiki, kai kuwa kana barci, kamar yadda Bahaushe yake ƙara "ni" a gaban "na zo" idan ana musu. Ga mutum na uku, wato shi ko ita, sukan ari kalmomin nuni irin su "ille" (wancan), wadda daga gare ta "il" (shi) ta Faransanci ta samo asali.