Mai kemis ne ke fara ganin annoba

A yawancin ƙauyukanmu na Zamfara, idan yaro ya kwana da zazzaɓi, shagon mai kemis ake fara kai shi, domin shi ne a kusa, shi ne ke buɗe har bayan sallar Isha'i, kuma shi ne ke ba da magani bashi sai ranar kasuwa. Saboda haka duk cutar da ta shigo gari, yana cikin mutanen farko da ke ganinta, tun kafin labarinta ya isa sakatariyar ƙaramar hukuma, balle Gusau.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan sani nasa yana ƙarewa ne a bakin shagonsa. Mun ga abin da jinkirin labari ya jawo mana. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma sai da aka yi ta binne yara kafin ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa akwai matsala. Sanƙarau ɗin da ya ɓulla a Zurmi a ƙarshen 2016 ya ɗauki makonni yana yaɗuwa kafin hukumomi su farga, ya bazu zuwa Sakkwato da Kebbi da Katsina, ya kashe sama da mutum 1,000 a faɗin ƙasa.

Hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana da manhajar SORMAS da ake shigar da rahoton cututtuka, kuma kowace ƙaramar hukuma, a cikin 14 da muke da su, tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Amma jami'i ɗaya ba zai iya kewaye ƙauyukan Maru ko Tsafe ba, musamman yanzu da hanyoyi da yawa ba sa biyuwa saboda 'yan bindiga. A ganina, kamata ya yi a haɗa shi da masu kemis ta wayar salula. Ba sai an nemi babbar waya ba. Saƙon tes kyauta ya isa, inda mai shago zai rubuta cewa yau mutum biyar sun zo da amai da gudawa daga unguwa ɗaya, ko yara uku sun zo da sanƙarewar wuya. Mun riga mun saba da irin wannan, tun da NAFDAC ta fito da tsarin kankare lamba a jikin kwalin magani a tura ta tes don tantance na jabu.

Na taɓa tattauna wannan da wani ɗan'uwana mai shagon magani, sai ya ce mini tsoronsa shi ne ya ba da rahoto a zo a rufe masa shago saboda lasisinsa ya ƙare. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma muddin ba a raba aikin karɓar rahoto da aikin kama masu laifi ba, babu wanda zai tura komai. Idan kuwa aka sauƙaƙa wa mai ba da rahoto sabunta lasisi, aka ba shi horo, aka kuma riƙa kiransa ana gaya masa abin da binciken ya gano, zai ji cewa da shi ake yi.

Sai kuma batun sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a duk faɗin jihar, muka yi makonni babu kira babu saƙo. Dole duk tsarin da za a kafa ya tanadi takarda da za a cike a ba direban motar kasuwa ya miƙa a asibitin ƙaramar hukuma a ranar da waya ta ƙi aiki.