Gawon gona daban, tsohon daji daban

Lokacin da muke koyon aikin gandun daji, tunanin da aka ɗora mu a kai shi ne manomi maƙiyin itace ne, mu kuma masu gadinsa. Gadon Faransawa ne. Dokarsu ta 1935 ta sa itatuwa irin su gawo a hannun gwamnati ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi sawunta. Ka datse reshe ba takardar izini, a ci ka tara.

Sai da na zauna da dattawa a ƙauyukan Maradi na gane ɓarnar da wannan ta yi. A da, manomi na ganin tsiron gawo sai ya tumɓuke shi tun bai kai gwiwa ba. Ya san amfaninsa sarai: ganyensa na zuba da damina ya zama taki, geron ƙarƙashinsa ya fi kyau, tumaki su ci 'ya'yansa da rani. Amma wa zai reni abin da zai jawo masa ma'aikacin daji har gona?

Bayan yunwar 1984 ne abin ya fara juyawa. Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, da abokan aikinsa suka shawo kan mutane su bar kututturen da ke tohowa, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran. Ma'aikata suka sassauta, daga baya dokar 2004 ta ƙara wa manomi iko. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5, yawanci a Maradi da Damagaram, ba tare da an dasa su ba.

Sai dai ina jin haushin masu ɗaukar wannan nasara su ce gwamnati ta cire hannu ko'ina. Dajin Baban Rafi da ke bakin iyakar Najeriya ba gonar kowa ba ce. Masu itacen girki na kai wa Maradi, makiyaya na shiga, masu neman gona na gutsurar gefensa. Can dole a shata iyaka, a raba dajin kashi-kashi ana sara ana hutar da shi, ma'aikaci kuma ya riƙa zagayawa yana duba cewa kuɗin kasuwar itacen da ƙauye ke gudanarwa yana shiga asusun ƙauyen, ba aljihun wani ba.