Idan sikirin seba ta ƙi fitowa a kan lokaci

Kwamfuta tana fara ƙirga mintunan sikirin seba, wato hoton da ke rufe sikirin idan an bar kwamfuta ba a taɓa ta ba, ne daga taɓawar ƙarshe da aka yi wa linzami ko kibod. Duk ɗan motsin da ta ji, ko da ido bai gani ba, sai lissafin ya koma farko. Don haka kafin a ɗora wa Windows laifi, a fara duba linzami.

A nan Sakkwato ƙurar hunturu takan cika ɗan ramin da jar wuta ke haskowa a ƙasan linzami, sai kibiyar ta riƙa rawa kaɗan-kaɗan ita kaɗai. Tebur mai gilashi ma yana jawo haka, da girgizar fanka ko janareta idan tana isa teburin, abin da ya yi yawa a shagunan buga takardu. Gwajin ba wuya: ka mayar da lokacin jira na sikirin seba minti 1 (bayanin inda saitin yake yana ƙasa), ka zare linzamin daga USB, ka naɗe hannu. Idan sikirin seba ta fito, ka gano mai laifi. Goge ramin da busasshiyar auduga, ka shimfiɗa masa abin da ba ya sheƙi. Abin buga gem da ke maƙale a USB ma a zare shi, yana yawan hana kwamfuta hutawa.

Saitin kansa a Windows 10 da 11 yana cikin Settings, Personalization, Lock screen, sannan Screen saver. Ka tabbata ba None aka zaɓa ba. Sannan ka duba lokacin kashe sikirin a wajen saitin wuta: idan an sa ya mutu bayan minti 5, jira kuma minti 10, ai ba za ka taɓa ganinta ba.

Idan duk wannan bai yi ba, to wata manhaja ce ta riƙe sikirin. Buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, da izinin administrator, ka rubuta powercfg /requests. Sunan da ya bayyana ƙarƙashin DISPLAY shi ne, galibi bidiyon YouTube da aka bari yana gudana a Chrome, ko PowerPoint da ke kan nuni. Rufe shi ka sake gwadawa.

Sikirin zamani na LCD ba ya ƙonewa kamar tsohon sikirin CRT mai ƙaton baya, wanda don kare shi aka ƙirƙiro sikirin seba, amma ni ina ganin gyaran ya dace ko don sirri. A sa alama a On resume, display logon screen, ta yadda wanda ya zauna bayan ka fita salla sai ya sa kalmar sirri.