TARIHIN RAYUWATA, kashi na 7: Ƙwarƙwata ana saura kwanaki biki

Jama'a barkanmu da wannan satin. Na ce zan ba ku labarin zuwana Kano amma wallahi maganar bikin Yaya ta ƙi barina sai na fitar da ita tukunna.

Lokacin rilaksa ta fara shigowa garinmu, duk yarinyar da aka kai salun a Ringim sai ta dawo gashi a kwance yana sheƙi, mu kuwa daga shuku sai kalaba. Na dage sai an sa min kafin biki. Inna ta ce to zo in tsefe miki. Tana tsifa tana tsaki, ashe kan cike yake da ƙwarƙwata, ga ƙwai nan manne a gashi ta bayan kunne da ƙeya, tana kamowa tana kashewa tsakanin farce da farce kana jin ƙas ƙas. Matar Kawu tana bakin murhu ta ɗago ta ce ai 'ya'yan ɗakin nan ƙazanta gadonsu ce. A gaban baƙi fa, har da dangin ango da suka kawo goro. Na yafe abubuwa da yawa a duniya amma wannan kalmar tana nan. Alhali ƙwarƙwata ba ruwanta da wanka, ba ta tashi ba ta tsalle, kai da kai take bi ko ɗankwali da mashaci, kuma tabarma ɗaya muke kwana da 'yarta, to wa ya ba wa?

Ita ce dai ta kawo shawarar a zuba min kananzir ko fiya-fiya, wai in an sa rilaksa ta ƙone ragowar. Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ta ce "ba a ɗora ado a kan ciwo, ku bar min yarinya." Kananzir a gidan da ake girki da itace? Fiya-fiya kuma guba ce ta kashe sauro. Ita rilaksar da yawanta da soda ake haɗa ta, kan da aka sosa har ya yi gyambo in ta taɓa shi ƙonewa yake. Shi ya sa ko yanzu da nake sa wa 'yata sai na hana ta susa kwanaki kafin nan, na shafe fatar kan da basilin, in na ga ɗan ƙurji ɗaya na fasa. Ba a ɗora ado a kan ciwo.

Gwaggo ta aika kemis aka sayo man ƙwarƙwata mai fametirin, aka shafa aka bar shi minti 10 aka wanke, ta zauna da mashaci mai ƙananan haƙora tana tajewa layi layi. Ta ce sai an maimaita bayan kwana 7 don ƙwan da bai mutu ba ƙyanƙyashewa zai yi. Ɗankwalayenmu duk aka zuba musu tafasasshen ruwa aka shanya.

Biki ya zo da kitson zane a kaina, na sha kuka. 'Yar matar Kawu an sa mata rilaksarta a kan susa, ranar kamu ko ɗankwali ba ta iya cirewa ba, gashi ya manne da ɓawon ciwo. Ban yi dariya ba, 'yar uwata ce, me ta sani. Uwarta kuwa bayan na yi aure har ɗakina ta zo tana tambayar sunan maganin nan na kemis, jikokinta sun kwaso a makarantar allo. Na rubuta mata a takarda, ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba.