Na je Kumasi koyon injin tanin

Shekaranjiya na dawo, har yanzu ƙarar injinan Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ba ta fita daga kunnena ba. Shekara tara ina walda a Panteka, nan Kaduna, amma duk bushin ko shaf ɗin da ya ci sai na kai wa masu tanin, wato masu injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, na zauna jira. Shi ya sa da wani abokin mahaifina mazaunin Kumasi ya ce in zo, ban yi wata-wata ba.

Daga Legas muka bi bakin teku, Kwatano, Lome, har Akara. A ɗaya daga cikin iyakokin wani jami'i ya jefa fasfona a aljihun tebur, ya bar ni tsaye a rana, alhali da fasfon ECOWAS ba a neman biza. Ban ba shi ko sisi ba, da ya gaji ya cillo min.

Alhaji, abokin mahaifin nawa, ya sauke ni a unguwar Aboabo, ya ce, "Ɗana, nan gidanku ne." Ko ruwa bai bari na saya ba. Hausarsu ta ba ni mamaki, mace ma "ya zo" suke ce mata. Da safe koko da ƙosai, har waɗanda ba Hausawa ba "Hausa koko" suke kiransa.

Suame Magazine kuwa gari ne guda na ƙarfe. Na ɗauka Panteka babba ce, ashe lungu ce. Wurin maigidan da aka kai ni akwai tsohon injin tanin ƙirar Colchester ɗan Ingila, ya girme ni, amma yana juyi lafiya lau. Kallo ɗaya ya yi wa jallabiyata ya ce in cire, babu hannun riga mai lilo, babu safar hannu, kuma kada makulli ya kwana a kan cok, wato bakin da ke riƙe ƙarfen, ko na ƙiftawar ido. Kwana uku awo kawai nake da baniya, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, ina koyon saita bakin wuƙa daidai tsakiyar ƙarfen. In ya yi ƙasa, sai ka ga ɗan tsiro ya rage a tsakiyar fuskar aikin.

Rana ta huɗu ya ba ni rodi mai kaurin milimita 30, ya ce in mayar da shi 28. Na tura wuƙa milimita 2 gaba gaɗi. Ƙarfen ya murɗo yana zuba shuɗi don zafi, na auna, 26! Ashe abin da ka tura ana cinsa ta kowane gefe, ninki biyu ke nan. Bai yi faɗa ba. Ya ɗora min guntun a tafin hannu da ɗuminsa, ya ce, "Kai mai walda ne, ka saba ƙari. Nan ragi kawai ake yi." Wallahi har raina na ji, don mu a gida gaggawa ke ɓata mana aiki, mai kaya na tsaye yana ta kai. Su ma ana damunsu, amma sai sun auna sau biyu.

Tsada dai akwai ta, naira ba ta da bakin magana a gaban sidi, kuɗin Ghana. Duk da haka na samu baniya ta hannu, bayan ciniki har da tafiya a kira ni.

Sati uku na yi. Na leƙa kasuwar Kejetia, na saya wa Inna goro. Dawowa barci na sha har Legas. Gobe zan je duba wani tsohon inji da aka ce min ana sayarwa a Kakuri.