Yadda Inna ta zaɓa mana ƙasar da muka je hutu

Shekara biyu na yi ina zubin adashi da niyyar in fitar da iyali waje mu sha iska, ko da na kwana goma ne. Mu mutanen Bauchi idan aka ce hutu, Yankari ce ke fara faɗo mana a rai: a cika bayan mota da kulolin abinci, a shiga ta ƙofar Mainamaji, a yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, a dawo gida. Na je har na daina ƙirgawa. Teku ne dai ban taɓa gani ba sai a talabijin. Uwargida kuwa tun farko bakinta ɗaya, Dubai. Hotunan ƙawayenta ta gani a Instagram, shi ke nan ta kafa ƙahon zuƙa.

A farkon 2024 wani abokin aiki ya haɗa ni da wani mai shirya tafiye-tafiye. Ofis tsaf, kujera mai juyawa, hoton dogon benen nan na Dubai manne a bango. Ya ce biza mako biyu ce, kada in ji komai, yana da hanya. Na ba shi kafin alƙalami na mutum biyu. Abin da ban sani ba, kuma da na yi minti biyar ina bincike a waya da na sani, shi ne Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza tun watan Oktoba na 2022, kuma ba a ɗage ba sai Yulin 2024. Wato mutumin ya sayar mini da abin da babu shi a kasuwa. Mako biyu ya koma wata uku. Sai da na haɗa da limamin unguwarsu kafin rabin kuɗina ya fito, sauran kuma har yau "Alhaji ka ƙara haƙuri" nake ji. Tun daga nan ba na miƙa wa kowa sisi kan biza sai na duba da idona abin da ofishin jakadancin ƙasar ya ce.

Ana cikin haka naira ma ta yi mini nata. Lokacin da na fara adashin, dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Aka saki naira a Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce 1,500. Kuɗin da na lissafa za su kai mu su dawo da mu har da tsaraba, suka koma ko tikiti da kyar.

Sai na ɗauko takarda na fara lissafi irin na mai gida. Masar ta burge ni: ga Azhar, ga kogin Nilu, ga jirgi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira. Turkiyya ma ta shiga raina. Amma duk biyun sai da biza, kuma wanda ke zaune a Abuja ba zai gane abin da wannan kalma ke ci wa mutumin Bauchi ba. Kowane "ka dawo ranar kaza" a wurinmu wuni guda ne a mota ta Jos da Akwanga da Keffi, ga kuɗin masauki, ga neman izini a wurin aiki, sannan idan an hana ka kuɗin ba ya dawowa. Ghana ba ta bukatar biza, amma da na ce wa uwargida a unguwar Nima ta Akkara Hausa ake yi zalla, sai ta ce, "Abban yara, mu biya kuɗin jirgi don mu je mu ji Hausa?"

Wata rana bayan isha'i ina zaune a ɗakin Inna da takardar a hannu, ina ta soke wannan ina rubuta wancan. Ta daɗe tana kallona tana jan carbi, can ta ce, "Kai dai kana son wahalar da kanka. In da gaske fita za ku yi, ku kai ni Kaulaha in yi ziyara kafin ƙasa ta rufe idona." Dariya na yi, don a lissafina ba ta cikin tafiyar. Da na koma ɗaki na kasa barci, na ɗauki waya na fara dubawa. Kaulaha a Senegal take, Senegal kuwa tana cikin ECOWAS, kuma yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga ya zauna har kwana 90 ba biza. Dakar teku ya kusa kewaye ta. Ƙasar Musulmi ce, ba fargabar abin da za a sa a baki ko inda za a yi salla. Ɗinkin da matanmu ke kira na Senegal kuwa can ne gidansa. Da na faɗa wa uwargida wannan na ƙarshen, maganar Dubai ta mutu a nan take.

Takardu suka zo da nasu tsugunon. Fasfon Inna na aikin Hajjin 2019 ne, mai shekara biyar, ya mutu ba wanda ya lura. Na yi ta jan ƙafa har Satumbar 2024 ta shigo, aka ƙara kuɗin mai shafi 32 daga naira 35,000 zuwa 50,000. Katin rigakafin shawara kuwa ita kaɗai ce ke da shi, a naɗe cikin leda uku a ƙasan adaka. Ni da uwargida sai da muka je aka yi mana, kuma allurar ba ta shiga lissafi sai ta kwana goma a jiki. Wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya jawo wa kansa doguwar magana a filin jirgi.

Lokacin tafiya ma sai da muka yi gardama. Inna ta so Maulidi, amma na ji labarin irin cikar da Madina Baye, unguwar Shehu Ibrahim Inyass a Kaulaha, ke yi a ranakun, ga shi a shekarar ya faɗo a Satumba, tsakiyar daminarsu. Ba zan iya da tsohuwa mai ciwon gwiwa a cikin wannan turmutsutsun ba. Muka tsayar da Disamba. Yara aka bar wa ƙanwata, muka kama hanyar Abuja ana gobe tashi, jirgi ya yada zango da mu a Lome, muka isa da dare.

A bakin filin jirgin Blaise Diagne ido ya raina fata. Filin yana da nisa da cikin gari, kusan kilomita 50, dole sai tasi. Muka daidaita da direba da yatsu, na zaro sefar da na canzo a gida na miƙa masa. Ya ɗaga takardar a hasken fitila, ya juya ta, ya dawo mini da ita yana girgiza kai. Na ƙara masa wata, ya sake dawo da ita. Wani matashi da ke jin Turanci ne ya raba mu: ashe sefa iri biyu ce. Akwai ta Afirka ta Yamma, wadda ake kashewa a Senegal da Nijar da Benin da Togo, akwai kuma ta Afirka ta Tsakiya, ta Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya, duk an ɗaure su da yuro a kan 655.957, amma kowace iyakarta yankinta. Ɗan canjin da na je wurinsa, da 'yan kasuwar Mubi da Garwa ya fi hulɗa, ni kuma "sefa" kawai na ce masa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na guzurina ta Kamaru ce. Allah ya taimaka uwargida ta matsa sai da na riƙo 'yan yuro, su suka fitar da mu kunya a daren.

Washegari Inna ta tashe mu a kan lokacin da jikinta ya saba, ta yi alwala ta zauna jiran kiran salla. Shiru. Agogon Senegal yana bayan namu da awa ɗaya, kuma Dakar tana can ƙurewar yamma, don haka asubarsu sai bayan ƙarfe shida. Kusan awa biyu ta yi a kan sallaya tana mita wai ladanan garin nan barci ya yi musu yawa. Ga iska mai sanyi daga teku, mu kuma kaya marasa nauyi muka kwaso don an ce bakin teku zafi. Sayayyarmu ta farko a Dakar rigar sanyi ce.

Na tsara mana wurare tara cikin kwana goma, kamar mai yawon kamfe. Kwana biyu kacal tsarin ya yi. Na kai su wurin ƙaton mutum-mutumin nan na tagulla da aka buɗe a 2010 zamanin Abdoulaye Wade, Inna ta ɗaga kai ta dubi matakala kusan ɗari biyu ta ce ba za ta ƙarasa gwiwarta a kan gunki ba. Ba ta ko sauko daga mota ba.

Tsibirin Gore ne ya biya ni kuɗina. Jirgin ruwa minti ashirin, sai an nuna fasfo, kuma tikitin ɗan Afirka ya fi na Bature sauƙi. Babu mota a tsibirin, sai 'yan lunguna da gidaje masu jan fenti da rawaya. A Gidan Bayi aka shigar da mu ɗakunan ƙasa, masu duhu da ɗanshi, tagarsu ba ta wuce tsagar da hannu zai shiga ba. A ƙarshen wani siririn lungu akwai ƙofa da ta buɗe ga teku kai tsaye, ba komai a gabanta sai duwatsu da ruwa. Shekara biyu ina tara kuɗi don in ga teku, sai ga shi ta wannan ƙofar na fara yi masa kallon tsanaki. Uwargida, mai surutun da ba ta gajiya, har muka hau jirgin dawowa ba ta ce uffan ba.

Kaulaha tana da nisan kilomita 190 ko kusa da haka daga Dakar. Muka shiga irin tsofaffin Fijo ɗin nan masu cin mutum bakwai, na sayi kujera biyu saboda Inna ta miƙe ƙafa. Wannan kuɗin ban yi da-na-sanin kashe shi ba. Garin zafi gare shi da ƙura, ya fi kama da gida. Muna sauka a Madina Baye muka ji wani yaro yana cewa, "Hajiya sannunku da hanya, daga ina?" Ɗalibi ne daga wajen Azare. Uwargida ta kalle ni, na kalle ta, ba wanda ya tayar da zancen Nima. Alaƙar ta daɗe: tun haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937 mutanenmu ke bin wannan hanya, kuma rasuwarsa a 1975 ba ta yanke ta ba. Inna ta shiga ziyara ta fito ido jajur, ta ce ita fa ba inda za ta. Kwana ɗaya na rubuta a takarda, uku muka yi. Aka soke zuwa birnin San Luwi da tafkin nan mai ruwan hoda, kuma ban ji ciwo ba, don a waɗannan kwanakin ne kawai na huta da gaske. Da rana a kewaye faranti ɗaya na shinkafa da kifi da suke kira cebu jen, matar gida tana gutsuro kifin tana turo wa kowa gabansa. Bayan nan shayin ataya zagaye uku, wanda ba a yi masa gaggawa.

Kwana biyun ƙarshe na uwargida ne, a kasuwar yadi ta HLM. Can ma mun sha mamaki, don idan suna ciniki da Wolof da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi, kamar yadda mutanen Nijar ke ce wa sefa biyar dala. Mai shago ya ambaci lamba ka yi murna, ashe sai ka ninka sau biyar. Dole muka koma rubuta farashi a waya muna nuna wa juna. Da sefa ɗaya ta haura naira biyu, shaddar ba ta yi arhar da ake ba da labari ba, amma ɗinkin ya kai. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne nauyi. A filin jirgi sikeli ya nuna mun zarce, na biya kuɗin da ya isa turmi biyu, uwargida tana gefe tana duba silin.

Sefar Kamarun kuwa sai da ta yi wata huɗu a durowa. Wani maƙwabcinmu da ke sarin kaya a Marwa ne ya karɓe ta daga baya, ya rage mini wani abu a farashi, ya kuma roƙe ni in sake ba shi labarin direban tasin don ya ƙara dariya.